Haƙurin Mata da Abin da Ke Ƙarƙashinsa

Babu wata nasiha da 'ya mace take ji a ƙasar Hausa, tun daga ranar da ta fara wayo har zuwa ranar da furfura ta rufe mata kai, wadda ta kai yawan a ce da ita ta yi haƙuri. Uwarta ce take fara faɗa mata daren da za a kai ta ɗakin miji, gwaggonta ta maimaita ranar da ta yi yaji aka rako ta ta koma, malami kuma ya ƙarfafa a majalisin wa'azi da ayoyi da hadisai. Ni kuwa ba ni da jayayya ko kaɗan da wannan nasiha, domin haƙuri ɗabi'a ce ta Annabawa, Allah Maɗaukakin Sarki ya yabi ma'abutansa a wurare masu yawa cikin Littafinsa, kuma gidaje da dama da suke tsaye a yau, in aka bincika, za a tarar haƙurin wata baiwar Allah ne yake riƙe da su. Abin da nake jayayya da shi wani abu ne dabam wanda ya shigo ya fake a bayan haƙuri har aka daina rarrabe su, shi ne a tarbiyyantar da mace a kan ta musanta abin da ke cikin zuciyarta, ta musanta wa mutane, sa'an nan a hankali ta musanta wa kanta, har ta wayi gari ba ta san tana fushi ba alhali fushin yana cin ta, ba ta san tana kishi ba alhali kishin ne yake juya al'amuranta.

Kowa ya san irin macen da ake yabo a zaure da wurin suna. Ita ce wadda ake cewa ko an sa mata yatsa a baki ba za ta ciza ba, wadda in an tambaye ta abin da ke damunta za ta ce ba komai, wadda ranar da maigida ya sanar da ita zai ƙara aure ta ce Allah ya sanya alheri, ta tashi da kanta ta share ɗakin amarya, in ƙawaye suka zo yi mata dannar ƙirji ta rantse musu cewa ita ko a jikinta. Akwai matan da haka zuciyarsu take da gaske, Allah ya yi musu wannan baiwa, ba kuwa da su nake ba. Amma akwai waɗansu, a ganina ma su ne mafi yawa, waɗanda harshensu yake cewa ba komai alhali ƙirjinsu yana ƙuna, kuma da yake an riga an koya musu cewa mace tagari ba ta jin irin wannan ƙuna, sai su yanke wa kansu hukuncin cewa ba su ji ba. Sai dai musanta abu ba ya kawar da shi. Sai ka ga barci ya ƙaurace mata, ta shiga zaryar kemis da ciwon kai da zafin ƙirjin da ake ta ba shi sunan olsa; ka ga hannunta ya yi nauyi a kan ɗan kishiya saboda laifin da in ɗanta ne ya yi dariya kawai za ta yi; ka ga yarinyar da aka kawo mata daga ƙauye don aikin gida tana shan zagin da ba ita ta jawo shi ba; bayan shekaru masu yawa kuma, sa'ad da ɗanta ya yi aure, ka ga wannan baiwar Allah da aka sani da sanyin hali ta hana matar ɗanta sakat, tana gasa mata irin abin da aka gasa mata, kuma da za ka ce da ita zalunci take yi, da kuka za ta yi na gaskiya, domin har ga Allah ba ta gani.

Wani likitan ƙwaƙwalwa mutumin ƙasar Suwizalan, Karl Yung, wanda aka haifa a 1875 ya rasu a 1961, ya shafe shekaru masu yawa yana sauraren marasa lafiya a birnin Zurik, kuma wannan mas'ala tana cikin abin da ya fahimta ya rubuta. A bayaninsa, kowane mutum tun yana ƙarami yana lura da halayen da iyaye da jama'a suke yabo da waɗanda suke kushewa, sai ya gina wa kansa fuskar da zai riƙa fita da ita cikin mutane daga halayen da ake yabo, sauran kuwa, irin su fushi da hassada da son kai da sha'awa da tsoro, ya tura su can inda idonsa ba zai riƙa faɗawa kansu ba. Wannan sashe da aka tura baya shi ya kira inuwa, kuma ra'ayinsa shi ne gwargwadon jahiltar mutum ga inuwarsa, gwargwadon ƙarfin da take samu a kansa. Misalinsa a wurinmu shi ne ɗakin da aka ƙawata bangonsa da jere, kwanoni da tasoshi suna ta ƙyalli, amma kullum aka yi shara sai a tura ta ƙarƙashin gado. Baƙuwa za ta shigo ta yaba ta fita, mai ɗakin kuwa ita ce za ta kwana tana shaƙar abin da ta tara, tana mamakin inda tari yake samo ta.

Mafi fa'idar abin da Yung ya lura da shi, a wurina, shi ne hanyar da wannan ɓoyayyen sashe yake bi ya bayyana, wato halin da mutum ya ƙi yarda yana da shi, shi yake saurin hangowa a jikin waɗansu, ya kuma ƙi shi da ƙiyayyar da ta wuce kima. Kakanninmu sun riga sun gane haka tun da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wata almajirarsa, Marie-Louise von Franz, ta fitar da littafi a 1974 a kan inuwa da mugunta cikin tatsuniyoyi, kuma duk wanda ya tashi yana jin gatana a wurin kaka zai gane inda ta dosa ko bai karanta ba. A tatsuniyoyinmu akwai marainiya mai ladabi da muguwar kishiyar uwa, akwai Ta-Kitse da kishiyoyin da suka tilasta mata aiki a bakin wuta har ta narke. Kowace yarinya da ke sauraro kanta take ɗauka marainiyar, ta girma a haka, ta yi aure, ta samu kishiya, ta riƙi ɗan wata, amma har yanzu a cikin labarin da take ba kanta ita ce marainiyar, muguwar kuwa kullum wata ce. Gida guda zai ƙunshi mata uku, kowacce tana da yaƙinin ita ake zalunta, mai yiwuwa ma kowacce tana da rabin gaskiya a hannunta. Ragowar rabin da babu wadda take son ɗauka shi ne yake hana gidan zama lafiya.

Ba ina kiran kowa ne ya bi Yung ido rufe ba. Yawancin abin da ya faɗa fahimta ce ta mai lura, ba a tabbatar da ita da irin gwajin da ake tabbatar da magani ba, kuma bayan tafiyarsa zuwa Kenya da Uganda a 1925 ya rubuta maganganu na raini a kan mutanen Afirka, waɗanda waɗansu daga cikin mabiya tafarkinsa na yau suka fito fili suka nesanta kansu da su. Na kawo shi ne domin maganarsa ta inuwa ta bazu a wannan zamani, 'ya'yanmu mata masu karatu suna cin karo da ita a littattafai da intanet, waɗansu suna zaton wani sabon ilmi ne da addininsu bai san da shi ba, waɗansu kuma suna gudunta suna zaton ɓata ce, alhali kuwa malaman Musulunci sun riga sun zurfafa bincike a wannan fage kimanin shekaru 1000 kafin a haifi Yung. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 243 bayan Hijira, ya rubuta littafin Ar-Ri'aya yana bin diddigin yadda riya da ujubu da hassada suke ɓuya a cikin ayyukan da zahirinsu ibada ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya ware rubu'i guda cur na Ihya'u Ulumiddin ga halayen da ke halakar da zuciya. A nan gida kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Ulumul Mu'amala, ya jera tsarkake zuciya daga wasuwasi da girman kai da fushi da hassada da riya kusa da tauhidi da fiƙihu, a matsayin ilmin da ya hau kan kowane baligi, mace ko namiji.

A cikin babin da Gazali ya yi a kan horar da rai ya ambaci hanyoyi huɗu da mutum zai bi ya san aibin kansa: ya zauna a gaban shehi masanin cututtukan zuciya, ko ya nemi aboki mai gaskiya da basira ya ɗora masa lura da shi, ko ya kasa kunne ga abin da maƙiyansa suke faɗa a kansa, ko kuwa ya cuɗanya da mutane, duk abin ƙin da ya gani a wurinsu ya tuhumi kansa da shi. A tsaya a kan ta uku da ta huɗu. Ma'anarsu ga matar aure ita ce gorin da kishiya ta yi mata cikin faɗa, duk da don a ɓata mata rai aka yi shi, yana iya ɗauke da ƙwayar gaskiyar da uwarta da ƙawarta ba za su taɓa faɗa mata ba. Halin da ya fi ƙona mata rai a wurin kishiyar kuma, ya cancanci ta tsaya ta tambayi kanta dalilin da ya sa shi ne yake tayar mata da hankali fiye da sauran. Magana ce mai ɗaci, ba kuwa kowace rana zuciya take iya ɗaukarta ba.

Alƙur'ani mai girma ya kawo mana mace a matsayin wadda ta fuskanci duhun kanta ta yi iƙirari da shi a bainar jama'a. Matar Azizun Masar, sa'ad da mijinta ya riske su a bakin ƙofa, abin da ta fara yi shi ne ta ɗauki laifin da ke cikin zuciyarta ta ɗora wa Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta nemi a ɗaure shi ko a azabtar da shi, har daga baya ya yi shekaru a kurkuku a kan abin da bai aikata ba. Bayan waɗannan shekaru, sa'ad da sarki ya tara ta da matan birnin da suka taɓa yi da ita, ta buɗe baki ta amsa cewa ita ce ta neme shi, shi kuwa mai gaskiya ne. Ayar da ke maganar rai mai yawan umurni da mummuna, wadda ta zo a ƙarshen wannan zance, malaman tafsiri sun yi saɓani a kan mai faɗarta, amma Ibnu Kasir ya rinjayar da cewa ci gaban maganar matar ce. In haka ne, to daga bakin mace mai nadama muka karɓi ɗaya daga cikin tubalan da malaman tarbiyya suka gina bayanin martabobin rai a kansu, wato rai mai umurni da mummuna, da rai mai zargin kansa, da rai mai natsuwa. Babu kuwa hanyar da ta tashi daga ta farko ta isa ta uku ba tare da ta ratsa ta biyu ba, saboda haka wadda aka hana ta ganin aibinta an tare mata hanyar natsuwa, ko da unguwa duka tana yabonta.

A dubi gidan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, a kan mas'alar kishin da Bahaushe ya kira kumallon mata. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da bakinta ta ba da labarin cewa ba ta taɓa kishin wata mace ba kamar yadda ta yi kishin Nana Hadiza, wadda ba su ma taɓa zama tare ba, Buhari ya ruwaito wannan, babu kuma wanda ya ga ya rage mata daraja. An kuma ruwaito ranar da wata daga cikin matan Annabi ta aiko da abinci a akushi alhali yana ɗakin A'isha tare da baƙi, ta bugi hannun ɗan aiken, akushin ya faɗi ya fashe. Manzon Allah ya tattara gutsattsarin da abincin, ya shaida wa waɗanda ke wurin cewa kishi ne ya motsa wa uwarsu, sa'an nan ya ɗauki lafiyayyen akushinta ya aika wa mai abincin a madadin wanda aka fasa. An ambaci abin da ta ji da sunansa, ba a kunyata ta ba, ba a sauke ta daga matsayin uwar muminai ba, amma ɓarnar da hannunta ya yi an sa ta biya. Mu kuwa mun juya al'amarin, muna hukunta mace a kan abin da ta ji, wanda ba ta da iko a kan zuwansa, sa'an nan mu kau da kai daga abin da take yi wa ɗan kishiya a ɓoye, wanda shi ne za a tambaye ta a kansa gobe ƙiyama.

Akwai mai cewa wannan magana buɗe wa Shaiɗan ƙofa ce, wai in mace ta yarda tana jin ƙiyayya ko hassada to ta ba su wurin zama ke nan. Shari'a ba ta goyi bayan wannan tsoro ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata shi ko sun furta shi ba, Muslim kuma ya ruwaito cewa waɗansu Sahabbai sun je wurin Manzon Allah suna kukan cewa suna jin abubuwa a ransu waɗanda suke ganin girman faɗarsu, ya kwantar musu da hankali da cewa wannan tsantsar imani ne. Su ma ke nan ba su ɓoye ba, wurin mai magani suka kai kukansu. Alƙur'ani ya yabi masu haɗiye fushi, ba a kuwa haɗiye abin da babu shi, mujahada kuma ba ta yiwuwa da abokin gaban da aka rantse cewa bai zo ba.

Inda wannan musu ya fi yin ɓarna shi ne wajen haihuwa. An ɗauka cewa duk wadda Allah ya ba ta ɗa lalle ne ta cika da farin ciki, saboda haka maijegon da ta sami kanta tana kuka ba dalili, ba ta ɗokin jaririn, wani lokaci ma tunani mai ban tsoro yana faɗo mata, ba ta da wanda za ta gaya wa, domin ta san amsar da za ta samu ita ce ta gode wa Allah, waɗansu suna nema ba su samu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fama da lalurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Ga kuwa Nana Maryamu, wadda Allah ya zaɓe ta a kan matan talikai, sa'ad da naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana an manta da ita. Alƙur'ani bai ɓoye wannan ba, amsar da ta zo mata kuma babu tsawa a cikinta. Lallashinta aka yi, aka nuna mata ruwa da nunannen dabino, aka umurce ta da ci da sha. Ya kamata duk ungozoma da duk uwar da ke zaman wankan jego da 'yarta su riƙa tunawa da wannan.

Zuciyar da aka hana magana takan nemi wani harshe. Ban musanta samuwar aljanu ba, nassi ya tabbatar da su, ban kuma musanta rukiyya ta shari'a ba. Amma duk wanda ya taɓa halartar inda mace ta faɗi, ya kasa kunne ga abin da muryar take faɗa, zai lura cewa sau da yawa ƙorafin gidan ne: an fifita wance, an hana ta zuwa ganin iyayenta, an ba da ita ga wanda ba ta so. Masanin al'adu I. M. Lewis, wanda ya yi bincike a cikin Somaliyawa, ya kafa hujja a littafinsa na 1971 cewa a al'ummu da yawa irin wannan faɗuwa takan zama hanyar da matan da ba su da bakin magana suke isar da kukansu, an kuma yi nazari mai kama da wannan a kan zar a Sudan da bori a ƙasar Hausa. Ba lalle ne a karɓi bayaninsa dukansa ba, ba kuma ana nufin ƙarya matan suke yi ba, domin wahalarsu ta gaske ce. Amma ya isa ya sa mai rukiyya mai tsoron Allah, bayan ya gama karatu, ya sa a tambayi baiwar Allah yadda zaman gidan yake. Waɗansu kuwa kwalba suka koma wa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa cikin kowane mutum 4 masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya 1 mace ce, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan ya riga ya kai har ɗakunan matan aure. Macen da take shan abin da zai kashe mata jiki don ta samu barci, kafin a tambaye ta ina tarbiyyarta, a fara tambayarta abin da take gudun ji in ta kwanta idonta biyu.

Ba mugun hali kaɗai ake turawa baya ba, Yung ma ya lura da haka. Akwai yarinya mai kaifin basira da aka yi ta ce mata ta cika surutu har ta yi shiru, akwai mai son karatu da aka cire aka aurar, akwai uwar da al'adar kunya ta hana ta kiran sunan ɗanta na fari ko nuna masa so a gaban mutane. Irin wannan mace in ta ga wata tana koyarwa ko tana juya kuɗinta a kasuwanci, sai ta ji wani ɗaci da ba ta san asalinsa ba, ta ce wance ta cika rawar kai. Da za ta bi ɗacin zuwa tushensa, da ta tarar nata burin ne da aka rufe tun tana ƙarama, kuma sau da yawa lokaci bai ƙure ba, tun da ga Islamiyyar matan aure ga azuzuwan yaƙi da jahilci.

Wajibi ne in yi togaciya a nan, mai ƙarfi kuwa. Kada wani miji ya karanta wannan maƙala ya mai da ita makami, ya ce da matar da yake duka ko yake bari da yunwa ta je ta binciki zuciyarta. Fushin wadda aka zalunta shaida ce a kan zaluncin, maganinsa na farko kuwa a daina zaluntarta. Haulatu 'yar Sa'alaba, da mijinta ya yi mata zihari bayan ta tsufa a gidansa, ƙara ta kai, ta yi ta jayayya har Allah ya ji maganarta aka saukar da hukunci a farkon Suratul Mujadala. Binciken zuciya yakan nuna wa mace abin da ya kamata ta tuba daga gare shi, yakan kuma nuna mata abin da ya kamata ta daina yin shiru a kansa ta kai shi gaban waliyyi ko alƙali, wani lokaci ma duka biyun a zama guda. Maza su ma suna da nasu ɓoyayyen sashe, wanda galibi tsoro ne da rauni da suke lulluɓewa da tsawa, amma wannan zance ne na wata rana.

Yadda ake yin aikin sananne ne a wurin malaman tarbiyya, waɗanda suka yi wasiyya da a ware lokaci a ƙarshen yini a yi wa rai hisabi. Mace za ta iya zama bayan sallar isha'i ko kafin asuba, ta tuno lokacin da ranta ya fi ɓaci a yinin, ta tambayi kanta ainihin abin da ta ji, da wanda ta sauke shi a kansa, da kuma ko shi ne ya jawo shi ko kuwa wani ne da ba ta iya tunkara. Mai iya rubutu, da boko ko da ajami, ta rubuta. Sharaɗinsa gaskiya, amma gaskiya tare da kyakkyawan zato ga rahamar Ubangiji, domin akwai matan da cutarsu ita ce yawan zargin kai, waɗanda in aka ce su ƙara tono aibinsu sai su nutse cikin wasuwasi da yanke ƙauna. Shi ya sa Gazali ya fara da shehi da aboki kafin sauran hanyoyin. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta yi bayanin yadda mata biyu suke ƙulla ƙawance da musayar kyauta su riƙe amanar juna shekara da shekaru. Irin wannan ƙawa ake bukata, mai riƙon asiri wadda ba 'yar zuga ba, wadda za ta iya cewa, "Ƙawata, a nan kam ke ce ba ki kyauta ba," gobe kuma a gan ta ta zo da sallama.

Akwai kuma iyakar da hisabi da ƙawa ba sa iya tsallakewa. Abu Zaidu al-Balki, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rarrabe a cikin Masalihul Abdani wal Anfus tsakanin baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rashi ko hasara, da wanda yake sauko wa mutum ba tare da wani sababi na zahiri ba, wanda ya danganta shi ga jiki ya ce yana bukatar magani. Masanin halayyar ɗan Adam na Sudan, Malik Badri, ya fassara wannan sashe zuwa Turanci a 2013. Saboda haka wadda ta yi mako 2 ko fiye ba ta jin daɗin komai, barcinta da cinta sun rikice, balle wadda take tunanin kashe kanta ko cutar da jaririnta, asibiti za a kai ta ba tare da jinkiri ba, ana yi mata addu'a ana ba ta magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, a farkon 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai likitocin wannan fanni a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, don haka mafi yawan aikin dole a waje da asibiti za a yi shi.

A ƙauyukan Rawalpindi ta ƙasar Pakistan, cikin al'ummar Musulmi masu kunya irin tamu, an koya wa mata ma'aikatan lafiya na unguwa yadda za su zauna da masu ciki da masu jego da ke fama da ciwon damuwa, su saurare su, su taimake su gane tunanin da ke danne su; sakamakon da aka buga a mujallar Lancet a 2008 ya nuna cewa wata 6 bayan haihuwa kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon a cikinsu, alhali a rukunin da ma'aikatan da ba su samu wannan horo ba suka ziyarta kashi 53 ne. Mu kuwa muna da tsarin da ya girmi wannan nesa ba kusa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta zaɓi dattijan mata ta naɗa su jaji, ta ba su malafa, suna jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka zuwa wurinta su koma da ilmi ga matan da ba su iya fita. Magadansu a yau su ne malamai mata na Islamiyyar matan aure da ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985. Roƙona gare su shi ne su sa babin cututtukan zuciya cikin karatu kusa da babin tsarki da haila, su gayyaci likitoci su koya wa malamai alamomin da ke nuna lokacin da za a tura ɗaliba asibiti, sa'an nan kowace makaranta ta ware malama guda mai riƙon amana da ɗaki mai ƙofa, inda mace za ta iya zama bayan an tashi ta ce tana ƙin ɗan kishiyarta kuma tana jin tsoron Allah a kan haka, a saurare ta har ta gama kafin a fara yi mata nasiha.